Daga Circle Zuwa Bayan Duwatsu: Tafiyar Ƙasa da Ƙasa a Kan Keke

Gaisuwa ta musamman ga iyayena makiyaya da ke ruga da waɗanda ke kan burtali, da Alhazai da Hajiyoyi 'yan kasuwar kan iyaka, daga Aflao zuwa Paga, daga Cinkassé zuwa Gaya. Allah ya ba da kasuwa, Allah ya kiyaye dukiya.

Yau maganar keke za mu yi, wanda tsofaffinmu ke kira basukur. Kekenmu na yau kuwa shi ne wanda mutum zai ɗaura wa kaya, ya bar garinsu, ya ƙetare iyaka biyu, uku, har biyar, ya hau duwatsu ya gangara, ya yi watanni bai ga gida ba. Dalilin kawo zancen biyu ne. Na farko, samari a majalisun Nima da Maamobi suna ta kallon masu irin wannan tafiya a waya, har wasu sun fara lissafin nasu tashin. Na biyu, ku makiyaya da 'yan kasuwa, ku ne mutanen da irin wannan matafiyi zai fara cin karo da su a daji da kan boda. Ya kamata kowa ya san abin da ke ciki.

Nima da keke

Mu fara daga gida. Kalmar Zongo da ake kiran unguwanninmu da ita a Gana, ai zango ce, wato wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Fataken goro sun daɗe suna bin hanya daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, ta Nikki da Djougou da Sansanne Mango da Yendi, da jakuna da takarkari, madugu na gaba. Tafiya ce ta watanni, wani ma sai shekara ta zagayo kafin ya koma gida. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akara, wadda mutanen zango ke kira Ankara.

Ita kanta Nima, iyayena makiyaya, taku ce. A farkon shekarun 1930 wani Bafulatani dillalin shanu, Malam Amadu Futa, ya nemi fili a hannun dangin Odoi Kwao, domin shanun da ake korowa daga arewa su huta kafin a kai su kasuwa. A nan gari ya tsiro. Kun ga ke nan tafiya mai nisa ita ta haifi unguwar.

Keke ma tsohon ɗan gida ne. A 1994 wasu masu bincike uku suka fitar da nazarin da ya kwatanta Nima da Jamestown da ke bakin teku. Suka tarar a Nima, inda 'yan arewa suka fi yawa, hawan keke abu ne na yau da kullum, babba da yaro, alhali a Jamestown iyaye kan hana yara saboda suna ganin haɗari ne. Duk wanda ya san Tamale da Bolgatanga da Wagadugu ba zai yi mamaki ba. A Burkina har gasar tseren keke ta ƙasa suke da ita, Tour du Faso, tun 1987.

Waɗanda suka yi

To, akwai waɗanda suka yi irin wannan tafiya da gaske? Akwai.

A watan Mayu na 2023 wani matashi ɗan Gini mai shekara 25, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke da niyyar zuwa Jami'ar Azhar a Masar, don ba shi da kuɗin jirgi. Ya bi ta Mali, Burkina Faso, Togo, Benin, Nijar, har Chadi, kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu. Ya shaida wa manema labarai cewa sau uku ana kama shi, biyu a Burkina, ɗaya a Togo. A Togo kwana tara ya yi a tsare, sai da ya ba da sefa 35,000, iyakar guzurin da ya rage masa. Da ya isa Chadi sai ga yaƙin Sudan a gabansa, wanda ya ɓarke tun 15 ga Afrilun wannan shekarar. A nan wani ɗan jarida ya yaɗa labarinsa, masu alheri suka haɗa masa kuɗin jirgi. Ya sauka Alƙahira a farkon Satumba, Azhar ta ɗauke shi karatu kyauta.

Kafin shi, Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos a watan Fabrairun 2021, ya bi ta Nijar da Chadi da Sudan, bai isa Saudiyya ba sai Disamban 2022. Ku lissafa, kusan shekara biyu. Hanyar da ya bi kuwa ita ce tsohuwar hanyar alhazan ƙasa, wadda kakanninmu suka bi da ƙafa, wasu suka zauna a Sudan har yau jikokinsu na can suna jin Hausa.

A can kudu, Riaan Manser na Afirka ta Kudu ya zagaye nahiyar nan kaf a kan keke daga 2003 zuwa 2005, ƙasashe 34, sama da kilomita 36,000. Tun 2003 kuma ake shirya wata tafiyar ayari daga Alƙahira zuwa Cape Town, wadda a da takan kai wajen kilomita 12,000, masu keke kan yi kusan wata huɗu a hanya, sai dai su da motar kaya da mai dafa abinci suke tafiya.

Jama'a, a lura da abu guda. Hoton isowa shi ake yaɗawa a Facebook da TikTok. Kwana taran da Barry ya yi a tsare babu mai hotonsu. Shi ya sa za mu bi hanyar daki-daki.

Hanyoyi uku daga Circle

A ce matashi ya tsaya a Circle, ƙarƙashin gadar saman da aka buɗe a 2016, inda manyan motocin Kumasi da Tamale da Bolga ke lodi. Hanya uku ce a gabansa.

Ta farko ita ce babban titin arewa: Nsawam, Nkawkaw, Kumasi, Techiman, Kintampo, a haye baƙin Volta a Buipe, a haye farin Volta a Yapei, sai Tamale, Walewale, Bolgatanga, Paga. Ya haura kilomita 800. Mai keke da kaya wanda ke cin kilomita 80 a rana zai yi kwana goma, ban da ranakun hutu. Matsalar wannan titi manyan motoci ne, musamman tsakanin Ankara da Kumasi, inda tirela da bas ke tsere, gefen titi kuma a wurare da dama ya cinye.

Ta biyu ita ce ta gabashin Volta: a haye gadar Adomi, a bi Hohoe, Nkwanta, Bimbilla, Yendi, har Nakpanduri a nufi Bawku. Motoci sun fi ƙaranci, amma akwai wuraren da titin ke da wahala, ga rikicin Bawku da ke sa hukuma ta sa dokar hana fita. Kowa ya tambaya kafin ya doshi can.

Ta uku ita ce ta bakin teku: Tema, Sogakope, Aflao, wajen kilomita 190, ka taka Lome. Daga Lome sai babban titin Togo ya miƙe arewa, Atakpamé, Sokodé, Kara, Mango, Dapaong, Cinkassé. Direbobinmu masu ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Lome sun san shi kamar tafin hannunsu.

Duwatsu

Yanzu ga inda ake gane mai keke. Wanda ya saba da titin Nima zuwa Kanda bai san hawa ba tukuna. Makarantarsa ta farko tana nan kusa: hawan Aburi, daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Garin Aburi na kan tudu mai kimanin mita 400. Duk ƙarshen mako za ka ga masu motsa jiki a wurin. Wanda ke mafarkin ƙetare ƙasashe, ya ɗaura jarkar ruwa mai lita 20 a kariya ya hau Aburi sau uku a mako ɗaya. Idan ya sauko yana sha'awar ƙari, to a ci gaba da magana.

Gaba da nan akwai duwatsun Kwahu da ke kallon Nkawkaw, da hawan Amedzofe a yankin Volta, yankin da ke da dutsen Afadja. A arewa akwai gangaren Nakpanduri a kan dutsen Gambaga, mai kwana-kwana, wanda masu motocin albasa ke tsoro. A Togo akwai Aledjo tsakanin Sokodé da Kara, inda aka tsaga dutse titi ya ratsa tsakiya, sai Défalé a gaba. Yawan faɗuwar tireloli a waɗannan wurare ya sa aka yi musu sabuwar hanya ta zagaye. A Benin akwai duwatsun Atakora wajen Natitingou.

Waɗannan duka ƙanana ne idan aka fita waje. Turawan da kuke gani da jakunkuna huɗu rataye a keke, da yawansu ta Maroko suke gangarowa. A can akwai mashigin Tizi n'Tichka tsakanin Marrakesh da Ouarzazate, mita 2,260, inda ƙanƙara ke rufe hanya lokacin sanyi. Daga nan su bi gefen teku, Nuwadibu zuwa Nuwakshot, kusan kilomita 480 na rairayi da iska, kafin Senegal. A Habasha kuwa akwai kwarin kogin Nilu, inda titi ke gangarawa sama da mita 1,000 sannan ya sake hawa ɗaya gefen.

Ga abin da dutse ke yi wa mutum. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri shida. Ka hau da gumi sharkaf, ka isa sama iska ta buge ka, ka fara gangara sanyi ya shige ka. Don haka riga mai kauri tana saman kaya, ba a ƙasan jaka ba. Wajen hawa, a sa ƙaramar giya, ƙafa na juyawa da sauƙi, kada a tsaya ana danna feda da ƙarfin gwiwa. Idan ya gagara a sauka a tura, babu kunya a ciki. Sannu ba ta hana zuwa.

Gangara ta fi hawa kisa. Keke mai kaya yana da nauyi, idan ka riƙe birki ba saki, robar birki za ta ɗumama bakin wili har tif ya fashe, ko birkin ya daina kamawa. A riƙa kamawa ana saki, na gaba da na baya tare, a rage gudu kafin kwana, a tsaya lokaci-lokaci wili ya huce. Idan ka ji tirela a bayanka tana ta hon a gangara, ka fita daga titi gaba ɗaya. Mai yiwuwa birkinta ne ya tafi.

Keke da guzuri

Wane irin keke? Tsohon Phoenix ko Raleigh na ƙarfe yana ɗaukar buhu, kowane mai gyara a kowane ƙauye ya san shi, amma ba shi da giya, a dutse sai turawa. Kekunan gwanjo masu giya da ake saukewa a Tema sun fi dacewa, idan jikin na ƙarfe ne, domin ƙarfe in ya tsage mai walda na bakin hanya zai ɗinke shi. A zaɓi taya mai lamba 26, ita ce ake samu kusan kowace kasuwa a yankinmu.

Kayan gyara: famfo, tif biyu, faci da sholisho, taya guda a naɗe, wayar birki, robar birki, sifok na wilin baya, sifana da filaya, ɗan man sarƙa. Kuma mutum ya iya aikin da hannunsa. Ya je ya zauna wurin mai gyaran keke a Maamobi na sati biyu, ya koyi faci da ɗaure sifok da gyaran sarƙa. A haɗa da fitila gaba da baya, hular kwano, riga mai ƙyalli, gidan sauro da tabarma.

Lokaci ma guzuri ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato mai tafiya arewa daga Ankara da ita zai yi ta kokawa a fuska, ga ƙura. Maris da Afrilu zafi a Tamale da Bolga kan wuce digiri 40. Da damina kuwa hanyoyin ƙasa na zama taɓo, ga sauro. Wanda ya tashi ƙarshen damina, wajen Nuwamba, ya fi samun sauƙi. A tashi bayan asuba, a huta daga hantsi ya yi zafi zuwa la'asar, a nemi masauki kafin magariba. Dare ba na mai keke ba ne.

Ruwa kuwa, a ranar zafi mai keke zai sha lita shida ko fiye. Idan jiri ya fara, ko fitsari ya yi ja ya ragu, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan ya shafe ku ma, iyayena masu kora. Zazzaɓi in ya zo, a nemi asibiti a yi gwaji, kada a ce sai an kai gari na gaba. Batun kasaru da ajiye azumi ga matafiyi, a zauna da malami kafin a tashi.

Takardu da iyaka

Alhazai, wannan fagenku ne, kun fi ni sani. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna har kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafin shawara. Amma tun 29 ga Janairun 2025 Mali da Burkina da Nijar suka fice daga ƙungiyar. A lokacin an sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar juna har sai an ga abin da hali ya yi. Abin da ke takarda daban, abin da za ka tarar a shinge daban, don haka a tambayi direban da ya dawo jiya. Gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya ta koya mana wannan tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da kaya suka koma bin Togo da Burkina da rakiyar soja.

Mai keke ya riƙe fasfo, katin rigakafi, rasit ɗin keken, da takardar gabatarwa daga sarkin zango ko limamin unguwa, a yi ta da Turanci da Faransanci. Ya bi ta ƙofa a buga masa hatimi. Keke na iya bin hanyar ɓarauniya cikin sauƙi, amma wanda aka kama cikin ƙasa ba hatimin shiga, shi da mai laifi ɗaya ne a idon jandarma. Kada ya ɗauki hoton gada, bariki ko shinge. Kada ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, ko na wane ne. Kuɗi a raba su wuri uku, wasu a bar su a waya. Mai niyyar Makka kuma ya sani, keke ba ya maye gurbin biza, Saudiyya ba ta barin kowa ya yi Hajji sai da izini.

Akwai wuraren da ba a shiga yanzu, ko da takarda ta cika: gabashi da arewacin Burkina, yankin Tillabéri a Nijar, dazukan W da Pendjari a arewacin Benin, tsakiya da arewacin Mali, da Sudan. Arewacin Togo, yankin Savanes, yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Yunin 2022. Baƙo shi kaɗai a kan keke, da jaka da waya mai taswira, soja zai ɗauke shi ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, 'yan bindiga su ɗauke shi ɗan leƙen asirin soja. Inda hanya ta lalace a ɗora keken a kan mota, ko a juya. Barry ma jirgi ya hau daga Chadi, kuma babu wanda ya ce tafiyarsa ta ragu.

Idan ya sauka a wurinku

Iyayena makiyaya, wata rana da yamma za ku ga mutum ya turo keke ya doso ruga, baƙi ko Bature, ya gaji, yana nuna baki da hannu. Ku riƙe karnuka tukuna. Ruwa yake so, da wurin da zai shimfiɗa tabarma. Abin da kuka fi kowa sani shi ya fi buƙata: ina rijiya ta gaba, wane rafi ne ya cika, wane daji ne ba a ratsawa. Wayarsa ba ta san wannan ba.

Amma zamani ya canza, ku ma ku kare kanku. Ku sanar da ardo ko mai gari cewa kuna da baƙo, tun kafin dare. Idan akwai ofishin 'yan sanda ko masallacin gari kusa, ku raka shi can ya kwana, ya fi muku kwanciyar hankali, shi ma haka. Kun san yadda ake saurin ɗora wa makiyayi laifi idan wani abu ya faru a daji. Kada alheri ya zama abin da za a kira ku a kansa gobe.

Kai kuma mai keke, idan ka tarar da garke na ƙetare titi, ka sauka ka tsaya, kada ka kaɗa ƙararrawa a tsakiyar shanu. Ka yi sallama daga nesa. Kada ka ɗaga waya kan matan ruga ko dabbobi sai an ba ka izini. Idan an ba ka fura da nono ka karɓa da hannu biyu, ka kuma sayi wagashi ko nono da kuɗinka kafin ka tafi.

'Yan kasuwa, ku ne madugan wannan zamani. Mai kai albasar Galmi Adjen Kotoku, da mai sauke shanu a Tulaku ta Ashaiman, kowannenku yana da maigida a garuruwa biyar. Idan yaron unguwa ya zo da wannan niyya, ku zaunar da shi ku ji shirinsa. In shirin ya yi, ku ba shi sunan wanda zai sauka wurinsa a Techiman ko Sokodé. In bai yi ba, ku faɗa masa gaskiya a gaban mahaifinsa.

Ga ƙannena da abokaina na Nima da Maamobi da Newtown: a fara da Aburi, sannan Kumasi, sannan Tamale. A tafi mutum biyu ko uku. A bar wa gida jerin garuruwan da za a kwana, a kira kowace yamma. A nemi yardar iyaye, kuma mai iyali ya bar musu abin da za su ci. Tafiya mabuɗin ilimi ce, gaskiya ne, amma sai wanda ya dawo yake ba da labari.

Masu sauraro, nan za mu dakata. Direbobi da masu kora da suka bi Nakpanduri ko Aledjo kwanan nan, muna jiran saƙonninku kan halin da hanya ke ciki, za mu karanta su a shiri na gaba domin amfanin kowa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. A huta lafiya, wassalamu alaikum.